Shuɗiyar Wuta a Bayan Kwamfuta

Da hantsi wani tsoho ya shigo caji ofis, rungume da linzamin kwamfuta kamar mai ɗauke da ɗan tsako. Kofur ya saurari ƙararsa, ya kwashe da dariya.

"Ranki ya daɗe, wai abin da aka sace ko ɗan yatsa bai kai ba," ya ce wa Sufeto.

Sufeto ba ta yi dariya ba. Ta ja wa tsohon kujera.

Baba Masinja ake kiransa, ko da yake ya daɗe da barin aiki. 'Yarsa ɗaya a duniya tana can ƙetare. Ita ta aiko masa da adaftar da aka sace, wata 'yar na'ura da ake soka wa kwamfuta ta kama intanet ba tare da waya ba.

"Gobe za a yi mata tiyata," in ji shi. "Ta ce da yamma za ta kira in ga fuskarta. 'Yata, murya kaɗai ba ta ishe ni ba."

Ɗakinsa ciki ɗaya ne. Katifa, kujera ɗaya, kofi ɗaya a kan tebur. Tsohuwar kwamfutar tana jingine da bango. Sai da Sufeto ta durƙusa ta cusa kai bayan teburin kafin ta ga ramukan da ake soka na'urori a jikin kwamfutar. Biyu ne, duka wayam.

"Baba, mene ne a na biyun?"

"Ɗan abin da ke sa linzami motsi. Shi ma an tafi da shi."

"Wa ya haɗa maka?"

"Injiniya, mai gyara a bakin titi."

Ta iske Injiniya a shagonsa cikin tarin wayoyi.

"Tun ranar da na haɗa ban sake taka gidan ba," ya ce.

"Matar mai gida ta ce kullum tana ganinka a gindin taga da wayarka."

Ya sosa ƙeya. "To, ni na saka lambar sirrin wayifai ɗin gidan, nakan ɗan ɗana. Amma sata? Haba! Kin san wuyar da na sha? Ramin gaba ya mutu, dole na soka a baya. Na sa faifai na ɗora manhajar, ta ƙi, na sake, da ƙyar ta kama. Tsohuwar nan irin wannan adaftar kaɗai take karɓa, kuma ba a samunta a nan."

"Na linzamin fa, yana da amfani shi kaɗai?"

"Babu linzamin? Ko ɗan koyo ba zai ɗauka ba. Sai wanda bai san wanne ne wanne ba."

Sufeto ta fito tana juya maganar. Ɓarawon bai ɗauki faifan ba, bai ɗauki linzamin ba. Ba amfani da abin yake so ya yi ba. So yake kawai ya daina aiki.

A ƙofar gidan akwai dogon benci. Wani dattijo na zaune a gefe guda, ya bar ɗaya gefen fili, ga rediyo da flas ɗin shayi da kofi biyu. Tela ne, maƙwabcin Baba Masinja.

"Sannu da hutawa, Baba. Baƙo kake jira?"

"Wane baƙo? Sabo ne kawai." Ya kife kofi ɗaya. "A da, nan muke yini da mutumin. Yanzu ya yi sabon aboki mai allo."

"Kakan shiga ɗakinsa?"

"Ni? Tun da aka kawo akwatin nan ƙafata ba ta tsallake ƙofarsa ba. Me zan kalla? Ɗan abu sai ƙyafta shuɗiyar wuta kamar idon mage, shi ya raba ni da abokin shekara da shekaru."

Sufeto ta zauna a gefen da ba kowa.

"Baba, wutar nan bango take kallo. Ni sai da na durƙusa bayan tebur. Kai ta ina ka gan ta?"

Rediyo ya ci gaba da surutunsa. Tela ya daɗe yana kallon takalminsa, sannan ya zaro gwangwanin maɓallai daga aljihu. Ga su nan su biyu, kwance cikin maɓallan.

"Ya fita wanka na shiga," ya ce a hankali. "Na zare ɗaya, wutar ba ta mutu ba, sai na zare ɗayan. Na ɗauka in ya rasa zai fito mu zauna. Wallahi ban san da maganar tiyata ba. Bai faɗa mini ba. Yanzu ba ya faɗa mini komai."

Injiniya ya zo ya mayar da kowanne raminsa. Wutar ta ƙyafta. Da yamma ta yi, fuskar yarinyar ta cika allon, tana kiran "Baba! Baba!"

Tunda an riga an shigar da ƙara, dole Tela ya je ya ba da bayani. Sufeto ba ta sa masa ankwa ba, hannunsa kawai ta riƙe. Da suka zo daidai tagar, ya rage tafiya, ya leƙa.

Baba Masinja yana dariya da allon, bai waiwayo ba.

"Mu je, 'yata," in ji Tela. "Amma ki bar masa flas ɗin a kan benci. Shayin da sauran zafi."