Rigar da Keken Kaka Ya Ƙi Ɗinkawa

Ƙas! Allura ta sake karyewa.

"Shi ke nan, magana ta ƙare!" in ji Inna Babba, yayar Umma. Ta zare rigar daga bakin keken ta cillar kan tabarma. "Keken Kaka ya ƙi shi. Auta, ki cire yaron nan daga ranki."

Gidan nan na teloli mata ne, kuma suna da wata doka tasu ta kansu. Duk saurayin da ya zo da maganar arziki, sai an auna shi an ɗinka masa riga a tsohon keken marigayiya Kaka. In ɗinki ya tafi sumul, a ce ya turo manyansa. In allura ta karye, a sallame shi. Kar kuma ku ce camfi ne zalla. Da rana tsaka fedar keken nan kan motsa ba kowa a kai, ko kyanwar gidan ba ta yarda ta gitta ta gabansa.

Auta, 'yar shekara sha takwas da ta gama sakandare bana, ta ɗauki rigar ta kakkaɓe.

"Inna, me Dogo ya yi? Sata ko shaye-shaye?"

"Keke ya san abin da ba ki sani ba."

"To ya buɗe baki ya faɗa mana!"

"La ilaha illallahu! Kin ji 'yarki ko?" Inna Babba ta juya wajen ƙanwarta. Umma dai ta sunkuyar da kai tana cire zare a jikin zaninta.

Washegari Auta ta biya shagon kafintan da Dogo ke koyon aiki. Ajinsu ɗaya tun suna ƙanana, shi ne ma ya gyara mata benci ranar da 'yan aji suka yi mata dariya don ya karye da ita. Ta same shi da garin katako har a gira. Da ya ji labari sai ya ajiye zarto.

"Sori, Auta, amma ƙarfe ne fa zai raba mu? Wallahi in kin ce oke, mu bar musu garin!"

"Mu bar Umma da wa? Babana ya gudu ya bar ta tun ina goye. Masu gudu sun ishe mu a gidanmu, Dogo. In za ka jira, jira. In ba za ka iya ba, Allah raka taki gona."

Dogo ya ji kunya har kunnensa. Ya ce zai jira.

Auta kuwa taurin kanta mai ladabi ne, irin wanda ya fi ba manya haushi. Gaisuwa ba ta fasa ba, shara da guga ba ta bari wani ya riga ta ba. Amma rigar Dogo, mai hannu ɗaya a ɗinke ɗaya a sake, ta rataye ta a ƙusar ɗakin ɗinki inda kowa zai gani. Inna Babba ta sauke, ta mayar. Aka daina yi mata magana, yayyenta suka riƙa yi mata habaici, ta sha kukanta a bayan ƙyaure, ta share ido ta fito. Damina ta zo ta wuce, rigar tana nan.

Ran nan da hantsi, ɗaki cike da yadi da tururin dutsen guga, Auta ta sauko da rigar ta zauna gaban keken.

"Ke! Tashi daga nan!" Inna Babba ta daka mata tsawa.

"Yau ni zan ɗinka, Inna. Ko ma wane ne a cikin keken nan, ya gaya mini a idona."

Ta yi bisimilla. Kafin ƙafarta ta taɓa feda, keken ya kama gudu da kansa, gar-gar-gar, har almakashi ya zame daga kan tebur. Tsoro ya kama ta, amma ta danne rigar da hannu biyu ta ƙi saki. Ƙas! Guntun allura ya yi tsalle ya tsage ta a kunci.

"Kin gani! Kin gani da idonki!" in ji Inna Babba.

Auta ta miƙe, jini da hawaye suna haɗuwa a haɓarta.

"Na gani, Inna. Tambaya ɗaya gare ni. Rigar Babana, allura ta karye?"

Auta ta dubi Umma, nan take ta yi da-na-sanin maganar, don ta san inda ta soka.

Umma ta ɗago kai a hankali. "Ba ta karye ba," ta ce. "Sumul ta tafi, har guɗa kika yi, Yaya. Wanda na so kuwa aka kore shi, na yi shiru don tsoron wannan ƙarfen. Shirun nan ya isa haka."

Ta karɓi rigar daga hannun 'yarta, ta zaro allurar hannu daga gefen ɗankwalinta ta zura zare. Fedar keken ta yi ta kaɗawa ita kaɗai, Umma ko kallonta ba ta yi ba. Can fedar ta gaji ta tsaya.

Haka ne, 'yan uwa: gaibu Allah kaɗai Ya bar wa kanSa sani, mutum kuwa halinsa ake dubawa. Kuma mai haƙuri yakan dafa dutse, muddin ya tsaya kan gaskiyarsa bai taka iyaye ba.

Da Umma ta ƙarasa hannun rigar, ta cije zaren da haƙori ta miƙa wa Auta.

"Wanke fuskarki ki kai masa. Ki ce ni na ɗinka, ya turo manyansa."