Hannu Goma a Takardar Gidaɗo

A zauren taro na wata mazaɓa da ke gefen Manchester, wadda ba zan faɗi sunanta ba don ina da jikoki a can, akwai wani dogon allon katako da aka kafe a bango. A jikinsa aka rubuta sunan duk wanda ya taɓa zama kansilan unguwar, da ruwan zinare, tun zamanin da hayaƙin masaƙu ke rufe rana. Na farko mai masaƙa ne, na biyu ɗansa ne, sai wani shugaban leburori da ya ƙwace kujerar ya zauna har haƙoransa suka zube, sai wata 'yar ƙasar Ailan mai faɗan tsiya, sai Alfred, wanda ya shekara ashirin da biyu yana gyangyaɗi a kai. Ƙasan sunan Alfred fili ne. To wannan ɗan filin shi ya cinye gidan Gidaɗo Rabe.

Gidaɗo karatu ya kawo shi ƙasar, ya gama ya maƙale yana dillancin gidajen haya. Yana da mata, Zinatu, mace mai kunya da iya dambu, da 'ya guda, Raki, wadda in ta buɗe baki da Turanci sai ka rantse kakanta ma a nan aka binne shi. Ba su rasa ci ba su rasa sha ba. Amma lokacin ne gwamnati ta tsuke bakin aljihu, ana rufe ɗakunan karatu da gidajen tsofaffi ana sayar da ginin, shi kuwa Gidaɗo ya san ƙasan kowane gini. Ya lura duk cinikin a teburin kansiloli ake yanke shi. Sau biyu yana tsayawa takara, sau biyu Alfred na kayar da shi ba tare da ya farka sosai ba.

Wata Talata da hantsi ya ce wa Zinatu zai je duba gida a Birmingham. Ƙarya yake. Unguwar Balsall Heath ta Birmingham ɗin ya nufa, wani shagon wanki da ya mutu, ya sauka ɗakin ƙasa wajen wani boka, Baba Yelwa.

Ɗakin ba taga. An ɗaure wa na'urar jin hayaƙi safa a rufi, turare na ci baƙi ƙirin. Injinan wanki shida a jere, duk an cire musu ƙofa, a cikin kowanne akwai tukunya an rufe ta da jan ƙyalle. A tsakiya an girke tsohuwar akwatin zaɓe ta baƙin ƙarfe, gashin tantabara ya manne a bakinta, wani abu yana numfashi a ciki a hankali kamar mai asma. Baba Yelwa kansa ɗan tsurut ne, idonsa ɗaya fari fat.

"Honarabul," in ji shi, tun Gidaɗo bai zauna ba. "Wanda tsoho mai barci ya kayar sau biyu."

Gidaɗo ya zauna. "Baba, kujerar nake so, da abin da ke ƙarƙashinta."

"Takardar tsayawa takara, hannu nawa ake sa mata?"

"Goma. Mutum goma masu rajista a mazaɓar."

"Madalla da dokar Turawa, ta rage mini aiki." Ya fizgo tantabara daga keji, ya murɗe wuyanta, ya ɗiga jinin a bakin akwatin. Numfashin ya tsaya. Ya zura hannu har gwiwar hannu, ya fito da alƙalamin biro baƙi, irin wanda ake samu a kowane kanti. "Duk goman da wannan za su sa hannu. Ko ɗaya ya yi da wani, abin a kanka zai juye. Kowace shekara, ranar Alhamis ɗin zaɓe, na cikin akwatin nan zai ɗauki guda. Muddin sunanka yana kan allon can, yana ɗauka."

"Ɗauka kamar yaya?"

"Kai ɗan boko, kada ka raina mini hankali. Ka sani."

Sai Gidaɗo ya tambayi abin da ya nuna ko shi wane ne. "Ni zan zaɓi mutanen?"

"Kai za ka zaɓa. Ni ba na zaɓe, ba ni da rajista."

Tun a jirgin ƙasa ya gama shirinsa. Akwai gidan tsofaffi a mazaɓar, cike da Turawan da 'ya'yansu suka manta da su. Ya riƙa kai musu biskit yana durƙusawa yana kiran su Baba da Mama, yana rantsuwa ba za a rufe gidan ba in yana raye. Goma suka sa masa hannu. A ransa ya ce waɗannan ai ko ba alƙalami suna bakin hanya.

Ranar rufe karɓar takardu ya tafi ofis da Zinatu da Raki don a ɗauki hoto. Ƙarfe huɗu ake rufewa. Saura minti ashirin ma'aikaciyar ta ɗago kai ta ce biyu daga cikin tsofaffin ba sa cikin rajista, a adireshin 'ya'yansu na wani gari suke. Gumi ya karyo masa cikin sanyin nan.

"Dad, ni fa na cika sha takwas, ina kan register," in ji Raki tana dariya. "Kawo in sa. Mum ma ta sa."

"Baban Raki, miƙo mana, lokaci na tafiya," in ji Zinatu.

Jama'a, nan ne wurin. Da ya ninke takardar ya koma gida, da yanzu yana aurar da 'yarsa. Ya dubi agogo, ya dubi matarsa, ya ce a ransa tsofaffi takwas shekara takwas ke nan, kafin layi ya zo kansu ya daɗe da sauka. Ya zaro baƙin alƙalamin daga aljihun gaba, da hannunsa ya cire masa murfi.

Sati biyu kafin zaɓe bakin Alfred ya karkace yana tsakiyar jawabi. Gidaɗo ya ci. A ranar zaɓen aka tarar da Tomas, tsohon direban bas da ya fara sa hannu, zaune a kujerarsa ta gidan tsofaffi, ido buɗe, harshensa baƙi kamar ya sha tawada. Gidaɗo ya je jana'iza da fure, har da share ido.

Arziki kuwa ya zo kamar an ɓalle famfo. Aka sa shi a kwamitin sayar da gine-gine. Ɗakin karatu ya tafi, filin wasan yara ya tafi, duk wani kamfani mai sunan abokinsa ne ya saye ya yanka su ɗaki-ɗaki yana zuba ɗalibai. Gida mai hawa uku, mota mai kujerar fata, matan gari suna ta zuwa yi wa Zinatu murna suna leƙa kicin. Wata biyar da hawansa aka kawo maganar gidan tsofaffin. Fili ne mai kyau, kusa da tashar bas. Hannun Gidaɗo ne ya fara tashi.

Aka watsa tsofaffin garuruwa daban-daban a tsakiyar hunturu. Tsoho kuwa in ka raba shi da gadonsa da abokin hirarsa, ka gama da shi. Kafin sanyi ya fita, duk bakwai ɗin da suka rage sun mutu, wannan mura, wancan faɗuwa, wancan baƙin ciki kawai. Gidaɗo ya koma Balsall Heath har da ɗan murmushinsa.

"Baba, takwas sun tafi. Ke nan ina da sauran shekara bakwai lafiya."

Baba Yelwa ya yi dariya har da tari. "Na cikin akwatin nan ba ya cin mushe. Guda ya ɗauka da kansa. Bakwai ɗin kai ka kashe su, da ƙuri'arka, a banza. Saura mutum nawa a takardar, Honarabul?"

Tun watan Afrilu Zinatu ta fara. Sa hannunta take yi a bango, a labule, a jikin firiji, da gawayi, da jan baki, da miya. Likita ya ba da ƙwayoyi. Ranar Alhamis ɗin farko ta Mayu, ranar zaɓe, da azahar, Raki ta dawo daga jami'a ta same ta a kan sallaya, harshe baƙi.

Washegarin sadakar uku Gidaɗo ya ajiye kujerar. Ya ruga wajen bokan ya zube a ƙasa yana kama ƙafarsa.

"Na sauka, Baba! Ga takardar! Ka bar mini yarinyata, ka ɗauki gidan, ka ɗauke ni!"

"Cika mini ƙafa. Kai ba ka sa hannu a layin goman ba. Kuma ni ban ce kujera ba, allo na ce. Ka taɓa ganin an goge suna a allon nan?"

Ya je ofis ya roƙi a cire sunansa. Matar da ke kula da zauren ta ce allon tarihi ne, har wanda aka ɗaure a gidan yari sunansa na nan, shekarar saukarsa kawai za su ƙara. Ya dawo da kurfi da guduma da rana tsaka, ya kankare sunan har katako ya yi rami. 'Yan sanda suka riƙe shi kwana biyu. Hukumar da ba ta da kuɗin buɗe ɗakin karatu, cikin sati guda ta kira mai fenti ya cike ramin ya maido da sunan, ya ma fi na da ƙyalli. Ya tura Raki Kano wajen dangin uwarta, ya tara malamai, ya yanka shanu. Da Mayu ta zagayo, ranar Alhamis, wayarsa ta yi ƙara yana tsaye a gaban allon. Bai ɗauka ba. Ya san ko mene ne.

Yanzu yana wani asibitin masu taɓin hankali, ba farce ko ɗaya a yatsunsa, duk bangon da ya samu kankara yake. Gidan mai hawa uku an yanka shi ɗaki-ɗaki, ɗalibai ke ciki. Sunansa yana nan a allo da ruwan zinare, ƙasansa kuma an sake barin fili, na kuma ji akwai wani ɗan gidan mutunci da ya fara yawan zuwa duba gida a Birmingham.

Ku masu kwaɗayin abin da Allah bai ba ku ba, ku ji da kyau: boka ba ya karɓar baƙo a madadin naka, sai ya zagayo ya ci na cikin ɗakinka, kai kuma ya bar ka da rai don ka gani. Ku kuma mata, in mijinku ya miƙo muku takarda yana gumi cikin sanyi, ku dubi idonsa kafin ku karɓi alƙalamin.