Masar da Ta Raba Ni'ima da Mudathir

Sabitu mai gabatar da gasar girkin nan ta talabijin, shi ya kashe auren jikata Ni'ima, kuma ya san ya yi.

Da suka shiga gasar, ita da Mudathir da aka sa musu rana, doka ɗaya aka faɗa musu: budurwa ta dafa, saurayi ya taya ta, alƙalai su ɗanɗana, wadda ta ci a ba ta kayan ɗaki. Mako biyar yarinyar nan tana tashi daga Ƙofar Wambai tana kayar da 'yan mata.

Sai ranar ƙarshe mutumin nan ya gyara zaman hularsa ya ce an canja doka. Yau babu alƙalai. Za a ɗaure wa saurayi ido, a ba shi masa faranti biyu, ya faɗi wadda ta fi.

Ni'ima ta soya tata. Ba ta san mai faranti na biyu ba.

Mudathir ya gutsuri tata, ya yi murmushi. Ya gutsuri ɗayar, ya yamutsa fuska.

"Wannan ai cikinta bai nuna ba... 'yar koyo ce ko?"

Aka kwashe da dariya, aka yaye labule. Hajja Yagana ce tsaye, uwar da ta haife shi. Shekara talatin tana tuyar masa a bakin barikin Shadawanka, da ita ta raine shi. Masu shirya gasar ce mata suka yi ta zo sa albarka, sannan suka miƙa mata ƙullun da bai tashi ba da murhun gas da ba ta taɓa kunnawa ba.

Ni'ima ta ci gasa. Ko tafin ba ta ji ba, idonta na kan tsohuwar da ke jan mayafi tana rufe fuska.

Bayan kwana uku Mudathir ya zo da la'asar, ya tsaya a zaure.

"Ni'imata..."

"Me Hajja ta ce?"

"Tun ranar ba ta ɗora tanda ba. Ko ƙofa ta leƙa, sai a ce ga 'yar koyo."

"Bari in je in durƙusa mata."

"Ta ce ba ki da laifi. Amma in ta gan ki, dariyar nan take ji."

"To kai me ka ce?"

Ya sunkuyar da kai. "Uwata ce, Ni'ima."

Ta share hawaye da bakin hijabi. "Je ka, masoyi. Da ka sake fifita ni a kanta, ni ma da ban aure ka ba."

Ni ban yi boko ba, amma na san zalunci. Dole Sabitu ya fito gaban kyamarar nan tasa ya gaya wa mutanen Bauchi wa ya ba Hajja Yagana wannan ƙullu, kuma da izinin wa aka canja doka. Ina zaune ina jiransa.