Hoton da Aka Yanke daga Tsohuwar Jarida

Da safe Malama mai kula da laburare ta buɗe kundin tsofaffin jaridu, sai ta tarar da rami a tsakiyar shafi. An yanke hoton ma'aikatan masaƙa. Ranta ya ɓaci ƙwarai, don ba su da wani kwafin.

Ta fara da mai shara.

"Ni da ko ƙurarsa ba kya bari in kaɗe?" in ji shi. Gaskiyarsa, a kulle kundin yake kwana.

Saura Auta, ɗalibar da ke binciken tarihin masaƙar, wadda ta karɓi kundin jiya. Doka ta ce a ƙwace katinta na laburare, ga shi ko rabin aikinta ba ta yi ba.

"Wallahi Malama, ban yanka ba," ta ce, idonta taf da hawaye.

"Ke kaɗai kika zauna?"

"Da kakana. Na bar shi na je neman taswira."

Malama ta kai shafin bakin taga. Yankan ya miƙe sak, kuma a gefensa akwai ɗan burbushin shuɗin alli.

"Kakanki tela ne?"

"Yaya aka yi kika sani?"

Suka same shi a shago, ƙafarsa kan keken ɗinki.

"Baba," in ji Malama a hankali, "ɗalibi yagewa yake yi, in ya ji tausayi ya sa reza. Wanda zai ja layi da alli kafin ya sa almakashi, tela ne."

Tsoho bai yi musu ba. Ya zaro hoton daga aljihun ƙirji.

"Wannan ta gefe, mai dariya, kakarta ce. Gobara ta cinye mana hotuna tun kafin a haifi yarinyar nan. Na fara manta fuskarta, 'yata. Ban san laifin zai faɗa kan Auta ba."

Fushin Malama ya bi ruwa. Ta ce hoto zai koma gurbinsa, kati na nan, shi kuma za a wanko masa babba.

Auta ba ta ji su ba. Ta ƙura wa hoton ido.

"Kaka, ai hancina ne!"

"Naki ya fi girma," in ji tsoho, yana share ido da ƙyallen ɗinki.