Kwana Uku Kafin Iddar Inno Ta Cika

"Ba wurinka niz zo ba, Malam. Kayana niz zo kwasa."

Abin da Inno ta fara faɗa ke nan ranar jajibirin Babbar Sallah, tana tsaye a zauren gidan da ta yi shekara talatin da ɗaya tana sharewa. Malam Lauwali ya miƙe daga kan buzu da sauri har gwiwarsa ta yi ƙara. Mako guda ya yi yana shirya maganar da zai tarbe ta da ita, magana mai daɗi, har da aya a tsakiya. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne:

"Ya hanya?"

"Tana nan inda kab bar ta."

Ta wuce ciki. Ko takalminta bai samu ya ɗauke mata ba.

Shi fa Malam Lauwali masinjan Di'o ne, jami'in mulkin yanki, da ya yi ritaya. Shekara ashirin da bakwai yana yawon rangadi, Wurno zuwa Rabah, Gandi zuwa Goronyo, yana kai saƙon wani. Bai taɓa tsayawa gaban hakimi ya yi in'ina ba, domin kowace magana tasa da "Di'o ya ce" take farawa. Da aka sallame shi da fansho ya dawo gida, sai ya rasa abin yi. Ya gwada albasa a fadama, albasa ta ƙi shi. Sai ya juyo da rangadin cikin gida. Ya leƙa randa, ya leƙa rumbu, ya ce murhu ba a nan ya kamata ya zauna ba.

Ranar sha biyu ga azumi, dab da shan ruwa, ya ce kunun ya yi tsinkewa. Inno ta ajiye ludayi.

"Malam, kai baƙo na a gidan ga. Baƙo ba shi gyaran murhu."

"To baƙo ya sake ki, saki ɗaya."

Kafin ladan ya kira sallah ya riga ya yi nadama. Amma kafin a yi sahur biyu ta riga ta isa Goronyo, gidan wanta.

Ya aika liman biko, ta ce a gaishe shi. Ya aika wasiƙa da ajami, ta dawo a naɗe yadda ta tafi. Liman ya ce masa ai abin ba wuya, ya tara shaidu biyu ya ce ya mai da ita, shi ke nan. Sai ga saƙo daga Goronyo: in ya mai da ita a bayan idonta za ta dawo, amma kamar buhun gero, ba zai sake jin muryarta ba har a kai ɗayansu kushewa. Ya san Inno. Za ta iya.

Yanzu ga shi wata uku na cika da faɗuwar rana ta uku ga Sallah. Daga nan ba matarsa ba ce.

Ranar jajibirin da la'asar gida ya cika. Tani, 'yarsu da ke aure a Rabah, ta iso da goyo. Mode kuma, ɗansu na fari, akawu a Sakkwato, ya sauka daga lori da farar riga da takalmi mai ƙara. Ya durƙusa a zaure ya gaishe da mahaifinsa. Malam Lauwali ya kalli bango ya ce, "Madalla."

Haka suke tun ranar suna. Kunyar ɗan fari. Bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba. In zai ambace shi sai ya ce "wancan na birni".

Tani ce ta kawo masa fura, ta kawo labari tare.

"Baba, Yaya ya ce gata bayan azahar zai tahi da Inno Sakkwato. Ya gina mata ɗaki."

Ya ajiye furar.

"Ita mi tac ce?"

"Ta ce ɗakin da taga?"

"Tani... ki tahi ki ce ma wancan na birni..."

"A'a, Baba."

"To ki ce ma uwarki na ce..."

"Baba, ni ba a ba ni jar hular masinja ba. Ga ta can tsakar gida, taku goma."

Taku goma. Mutumin da ya taka Wurno zuwa Tursa da zazzaɓi a jikinsa ya zauna yana auna taku goma, ya ga ba za su taku ba.

Ranar Sallah aka sauko daga idi, ya yanka ragonsa. Aka feɗe, aka tsire shi a sanda, aka jingina a gefen wuta a ƙofar gida tare da na maƙwabta, yadda ake yi, sai gobe a raba. Ya wuni yana gyara itace, hayaƙi na ba shi dalilin share ido. Daga ciki yana jiyo dariyar Inno da jika, yana kuma jiyo ƙarar tasoshi ana jera su cikin buhu. Kowace tasa ya san muryarta.

Wajen la'asar ta fito karɓar kayan ciki. Babu kowa kusa. Ya miƙe.

"Inno..."

Ta tsaya. Ta jira shi, wallahi ta jira.

"Liman ya ce... ya ce zaman aure haƙuri na."

"Liman yac ce."

"Kuma mutane suna cewa bai kamata..."

"Mutane." Ta ɗauki ƙwaryar. Muryarta ta yi ƙasa. "Shekara talatin ina jin abin da Di'o yac ce. Yanzu liman, yanzu mutane. Sau ɗaya kat taɓa yi mini magana da bakinka, Malam, ranar da kas sake ni."

Ta shige. Gefen ragon da ke wajen wuta ya ƙone, maƙwabci ne ya juya masa.

Washegari aka raba nama. Ya zaɓi gadon baya, wurin da ta fi so, ya aika mata. Ta ba jika. Ya shiga ciki sau uku da sunan neman wuƙa, duk sau ukun Mode na zaune kusa da uwarsa, sai ya fito da wuƙar da bai buƙata. Zuwa magariba wuƙa uku ne a zaure.

Rana ta uku, bayan azahar, aka ɗora kayan a jaki. Inno ta tsaya a bakin zaure.

"Mun tahi, Malam. A yahe juna."

"Allah shi kiyaye hanya," in ji bakinsa, wannan maci amana.

Gidan ya yi tsit. Ya shiga ɗakinta. Babu jere, babu tabarma, sai zagayen inda kowace tukunya ta zauna a ƙasa shekara da shekaru. Ya leƙa waje, inuwar katanga ta fara tsawo. Sai ya ga kansa gobe, da jibi, da gata, yana zaune a zaure babu wanda zai ce masa baƙo.

Bai nemi takalmi ba. Tsofaffin ƙafafun nan suka tuna aikinsu.

A tasha lorin ya riga ya tashi, yana karkarwa. Inno na gaba kusa da direba, Mode na ƙoƙarin hawa baya. Mutane cike, 'yan yawon Sallah da masu rakiya. Malam Lauwali ya sha gaban motar, rawani ya warware, numfashi na fita kamar na zuga-zugi.

"Mode!"

Mode ya saki ƙarfen da ya riƙe. Shekararsa talatin bai taɓa jin sunansa a wannan murya ba. Ya sauko a hankali, ya durƙusa nan cikin ƙasa da farar rigarsa.

"Ka tsaya nan, kai shaida na. Direba, kai ma."

"Baba, ni hwa ina da hanya..." in ji direba.

Malam Lauwali bai ji shi ba. Ya kama bakin tagar da hannu biyu.

"Inno, ba wanda ya aiko ni. Ni na. Kunun nan bai tsinke ba, ni at tsinkakke. Wata uku ban ci abinci na ji ɗanɗano ba. Da rago nika hira... kuma shi ma na yanka shi." Wani ya yi dariya a bayan mota, ya haɗiye. "Ke ta gidan ga, ke ta hasken idona. In kin tahi ban san inda zan sa kaina ba. Ina son ki. Ban iya hwaɗi ba, amma ina son ki tun ranar da anka kawo ki. Ba ni mai da ke sai kin ce."

Hawaye na bin gemunsa, a gaban ɗan fari, a gaban rabin Wurno.

Inno ta ja mayafi ta rufe fuska. Kafaɗunta na rawa. Direba ya kashe mota don kansa.

"Tsoho da kai," ta ce daga cikin mayafin. "Ba takalmi, ba kunya..."

"Babu. Sun ƙare."

Ta daɗe. Ya kalli rana, ya kalle ta, ya sake kallon rana.

"To hwaɗi mana," ta ce. "Ko sai rana ta hwaɗi ka ce ni nij ja?"

"Na mai da ke, Inno. Na mai da matata."

"Mun shaida," in ji direba. Mode ya gyaɗa kai.

Ta buɗe ƙofa, ta miƙo masa hannu ya sauko da ita. Ba ta saki hannun ba, ko da ƙafarta ta taɓa ƙasa.

"Mode, sauko da kayan," ta ce, tana share ido da gefen mayafi. "Ka ba ubanka buhun tasoshin. Shi za ya ɗauka har gida, ta cikin kasuwa."