Sojan Ruwan da Awadiyya Ta Zarga

"Ki buɗe idonki da kyau, ga malamin tarihin naki can!"

Awadiyya ta ƙanƙame gefen mayafinta. A tsallaken titi, daga ƙofar wani ofishin jami'an tsaro a tsakiyar Khartoum, Ramiro ne ke fitowa. Wani jami'i mai kaurin gashin baki ya dafa kafaɗarsa, yana yi masa magana a kunne.



"Ba yau ya fara zuwa ba," in ji Abdulganiyu, ɗan baffanta, wanda ya jawo ta har nan da rana tsaka. "Soja ba ya daina zama soja, Awadiyya. Kaki kawai ya tuɓe."

"Yaya, wataƙila takardar zamansa ce..."

"Takardar zama ake dafa wa kafaɗa? Ke kika kai shi gida gida. Ke kika sa tsofaffinmu suka saki baki. In aka zo da mota aka kwashe su, wa za a ce ya jawo?"

 Hawaye kawai take ji suna gangarowa.

Ramiro mutumin Sifen ne, hafsan sojan ruwa a da. Ya ajiye aiki ya koma rubuta tarihin jiragen ruwa, kuma ba manyan jiragen yaƙi ba, ƙananan jiragen katako da suka riƙa ɗaukar alhazan ƙasar Hausa daga tashar jiragen ruwa ta Sawakin zuwa Jidda. Awadiyya, jikar Hausawan da hanyar Hajji ta zaunar a ƙasar, tana karatun tarihi a jami'a, sai aka haɗa su don ta yi masa tafinta, domin Larabcinsa na da kyau amma Hausarsa abin dariya ce. Tun tana kiran sa Kawaja, wato Bature, kamar kowa, har ta koma kiran sunansa, har ta kai ba ta iya faɗar sunan sai ta sunkuyar da kai.

Ya musulunta a hannun limamin masu sassaƙa jirgi na unguwar Abu Rof, ya kuma aiko neman aurenta. Babanta, Malam Jibirin tela, bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Lokacin kuwa ana kamen marasa takardar ɗan ƙasa a birni. Da yawa cikin tsofaffin da suka yi magana a rakodar Ramiro sun shigo ƙasar nan a ƙafa, sun haye teku a ɓoye, ba su taɓa riƙe fasfo ba. Cikinsu har da Gogo, kakarta, wadda ta ba da labarin yadda jirginsu ya kife da mijinta a ciki, ta faɗi sunanta da unguwarsu.

Kafin ta isa Umdurman inda suke zaune, labari ya riga ta gida.

"Na faɗa miki tun farko!" Malam Jibirin ya buga almakashinsa a kan tebur. "Mutum ya baro ƙasarsa, ya baro galansa na soja, don ya ji tatsuniyar tsofaffi? Ko musuluncin nasa ma, wa ya san na mene ne?"

"Baba, ku bari in tambaye shi..."

"Ki karɓo min muryar uwata daga hannunsa. Daga nan kuma kada in sake jin sunansa a gidan nan!"

Da la'asar ta same shi a bakin kogi a Abu Rof, ya durƙusa yana auna haƙarƙarin wani jirgi da ake haɗawa. Yana ganin ta fuskarsa ta washe.

"Habibti, masoyiyata! Zo ki ga yadda suke..."

"Me ya kai ka wurin jami'an tsaro?"

Murmushinsa ya gushe. Ya miƙe a hankali yana kakkaɓe gwiwa.

"Wa ya faɗa miki?"

"Ashe gaskiya ne!"

"Awadiyya, ki saurare ni..."

"Me ya sa ka bar aikin soja? Ko dai ba ka bari ba?"

"Na ba ki labarin. Wata safiya muka tsamo wani ɗan jirgi a teku, duk mutanen ciki sun mutu. Muka binne su ba wanda ya san sunan ko ɗaya. Tun daga ranar..."

"Labari mai daɗi ne," ta katse shi. "Ni ma da shi ka saye ni. Ka rantse ba su tambaye ka kaset ɗin ba!"

Ya kau da kai.

Kau da kan nan ya fi mari zafi.

"Sun tambaya," ya ce daga baya.

"Ka ba ni na Gogo. Yanzu!"

"Ba yau ba. Akwai mai bin sawuna, ba na so a gan ki da shi. Gobe bayan sallar Juma'a zan zo gidanku. Ki ce wa Baba ya tara dattawan."

"Don a same su wuri ɗaya?"

Ya kalle ta kamar ta soka masa wuƙa.

"Haka kike gani na, ya rouhi, ruhina?"

"Kada ka ƙara kira na da wannan sunan!"

Ta juya da gudu, ƙurar katako na manne wa jiƙaƙƙiyar fuskarta.

Ta isar da saƙon don ba ta da zaɓi. Dattawa suka yi ta gardama, wasu suka ce tarko ne, suka ƙi zuwa. Gogo ce ta raba gardamar.

"Teku ba ta cinye ni ba, sai ɗan Kawajan nan? Ku shimfiɗa tabarma, a bar shi ya zo."

Ya zo shi kaɗai, rungume da akwatin ƙarfe. Ya yi sallama, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa gaban Malam Jibirin. Awadiyya na leƙe ta bayan labule, idonta ɗaya a kansa, ɗaya a ƙofar gida, tana jiran ƙarar mota. Abdulganiyu ya jingina da bango ya harɗe hannu.

Ramiro ya buɗe akwatin. Kaset ne jere reras.

"Baba, an kai ƙarata cewa ni ɗan leƙen asiri ne. Suka bincika ba su sami komai ba. Amma sun ji akwai muryoyin nan, suka ce ko in kawo, ko in bar ƙasar cikin mako. Na yi ta zuwa ina roƙo, na ɓoye muku don kada hankalin tsofaffi ya tashi. Jiya na ba su amsa."

"Wace amsa?" in ji Malam Jibirin.

Ramiro ya matsa gaba. Ya jawo kaskon gawayin da Gogo ke dafa gahawa, ya zaro zaren kaset na farko ya ɗora a kan garwashi. Zaren ya nannaɗe, ya yi baƙi, wari ya cika tsakar gida. Ya ɗauko na biyu. 

Awadiyya ta toshe bakinta. Ta san wahalar da ke cikin akwatin nan, rana da ƙishi da zazzaɓin da ya sha. Wasu masu muryoyin ma sun riga mu gidan gaskiya.

"Ɗan nan," Gogo ta ce a hankali, "littafin naka fa?"

"Littafi ba ya kwana a kurkuku, Gogo. Mutum ke kwana."

Malam Jibirin ya ɗago kai daga kallon wutar.

"Wa ya kai ƙarar taka?"

"Baba, a bar maganar."

"Tambayar ka nake!"

"Jami'in ya ce... ɗan gidan da nake neman aure ne."

"Ƙarya yake!" Abdulganiyu ya zabura. "Ni cewa kawai na yi a kore shi, ban ce a taɓa su Gogo ba..."

Ya kama bakinsa, amma magana ta riga ta fita.



"Don ka sami Awadiyya," in ji Gogo, "ka kusa sa a jefa ni a bayan mota? Fita, Abdulganiyu. Sai na neme ka."

Ya fita ko takalmi bai saka daidai ba.

Awadiyya ba ta san lokacin da ta bankaɗe labule ba. Ta zube gefen kaskon, ta manta da dattawa, ta manta da kunya.

"Ramiro... na zalunce ka. Na ce maka abin da..."

"Tsoro kika ji saboda kakarki. Da ba ki ji ba, da ban so ki haka ba."

"Amma za ka tafi!"

"Zan tafi, habibti. Wannan kam ba makawa."

Ta fashe da kuka. Malam Jibirin ya yi gyaran murya, ya cire tabarau ya goge idonsa da bakin riga.

"Yaushe ne tafiyar?"

"Alhamis, Baba."

"To, Laraba ka zo da limaminka na Abu Rof. Ba zan bari ka fita ƙasar nan hannu biyu wofi ba. Amma sai ta gama karatunta za ta biyo ka, ka ji sharaɗina."

Gogo ta rangaɗa guɗa da tsohuwar muryarta, har maƙwabta suka leƙo ta katanga.

Aka ɗaura aure ranar Laraba, ango ya tashi washegari. Awadiyya ta zauna ta gama jarrabawarta, sannan ta hau jirgin sama ita kaɗai daga Khartoum har ƙasar Sifen.

Ramiro yana tsaye a bakin ƙofar fita ta filin jirgi, ya rame kaɗan, sanye da farar jallabiyar da surukinsa ya ɗinka masa. Ya matso, ya ja numfashi, ya ce da Hausa tsantsa, ba ko tuntuɓe:

"Barka da isowa, hasken idona. Gidanki ya gaji da jiran ki."

Ta tsaya cak, ta ƙanƙance ido.

"Wace ce ta koya maka wannan Hausar?"

Ya tuntsire da dariya.

"Babanki, ta waya. Sai da ya zage ni ya fi a ƙirga kafin na iya."

Ta saki jakarta a ƙasa ta faɗa ƙirjin mijinta.