Kaji Da Ƙafafunsu

Ranar da ya fara shigowa shagon, Auta tana bayan kanta tana goge sikeli. Saurayi ne dogo, takalminsa duk ƙasa, ya rungumo kula kamar mai ɗauke da jariri. Ya yi sallama, ya dire ta, ya buɗe. Kaji goma ne a ciki, an fige su tas, amma kowace da ƙafafunta biyu a miƙe.

Dariya ta kama ta. Shekara uku ke nan tana taya Baba tsaron shagon namansa, ba ta taɓa ganin an kawo kaza da ƙafa ba.

"Malam, wuƙar ce ta dakushe kafin ka kai ga ƙafafun?"

"Da gangan na bar su," ya ce yana murmushi. "Ɗaga ɗaya ki duba gwiwarta da tafin ƙafarta."

Ta ɗaga. Fes suke, rawaya, ba ko ɗigo.

"Kazar da aka cunkusa a ɗaki, ta yi ƙiba har ta kasa tsayuwa, a kan kashinta take wuni," in ji shi. "Kashin sai ya ƙona ta, ya bar mata baƙin tabo a nan da nan. Shi ya sa ake sare ƙafar tun daga sama. Nawa a fili suke yawo wata uku, ba ni da abin ɓoyewa."

Da ya faɗi farashin sai da ta ajiye kazar. Kuɗin kaji biyu ne cur. Ta gaya masa gaskiya, Baba ba zai saya ba. Bai ja ba, ya rufe kularsa. Sai dai lambar wayarsa tana rubuce ɓaro-ɓaro a jikin murfin, kuma Auta, wadda kullum take kukan ba ta riƙe lamba, ta haddace ta a kallo ɗaya.

Kwana biyu ta daure, a na uku ta tura saƙo.

"Mai Kaji, tambaya gare ni. Tunda ƙarshenta yanka ne, mene ne amfanin gatan?"

Ko minti biyar ba a yi ba ya amsa.

"Mai Sikeli, mu ma ƙarshenmu tafiya ce, amma ba ma so a hana mu shan iska kafin ranar. An halatta min yankata, ba a halatta min azabtar da ita ba. Ki zo ki ga inda suke kwana, in kin samu rakiya."

Ta samu rakiyar yayarta ranar Asabar. Gonar ba wata babba ba ce: fili da bishiyoyi uku, rumfar kwano, da ɗan ɗaki a can baya inda yake yanka. Ɗaya bayan ɗaya yake kai su, a rungume a hammata, ba ya riƙe su ta ƙafa kai a ƙasa, kuma ba ya bari wata ta ga abin da ake yi wa 'yar'uwarta. Yayar ta raɗa mata cewa wannan mutum ko dai waliyyi ne ko kuma ba shi da aikin yi. Auta ba ta ji ta ba, hankalinta ya riga ya tafi.

Daga nan soyayya ta kankama. Shi yana ce mata Mai Sikelina, ita tana ce masa Makiyayina. Kullum da hantsi sai hoton wata kaza ya shigo wayarta da gaisuwa, wai tana tambayar lafiyar uwar ɗakinta. Wata huɗu suka yi a haka kafin maganar ta kai kunnen Baba.

Baba mahauci ne na shekara talatin, ba mugu ba ne, amma ba ya son wasa da abinci. Ya kira Mai Kaji ofishinsa na bayan shago, tsakanin firiza biyu masu gurnani.

"Yaro, sau nawa kake cin nama a sati?"

"Sau ɗaya, Baba."

"Mai kiwon kaji, nama sau ɗaya a sati. 'Yata tun da ta yi haƙori ba ta taɓa wuni ba nama ba. Ka ga masu shigowa shagon nan? Leburori ne da direbobi da masu shara. Kazar nan mai araha da kake raina wa, ita kaɗai ce naman da 'ya'yansu ke gani. Kai kana tausayin kaza, ni ina tausayin mutum."

Mai Kaji ya sunkuyar da kai. "Gaskiya ka faɗa, Baba, kuma ba ni da cikakkiyar amsa. Ban ce kowa ya yi irin nawa ba. Ni dai hannuna ba zai iya wancan ba."

"Hannunka zai iya riƙe iyali?"

Dama akwai wanda Baba ke so, manajan babbar gonar da ke kawo wa shagon kaji duk Litinin. Mutum ne mai fara'a da mota mai sanyi, kuma ya daɗe yana tsayawa a kanta fiye da yadda aikin ya buƙata. Mama ma tana yaba shi, musamman ladabinsa.

Ana cikin haka wani sabon otal ya nemi kaji ɗari biyu na kiwon sake daga shagon Baba don walimar buɗewa, nan da sati uku. Baba ya ga dama ta zo. Ya ce wa Mai Kaji, "Ka cika odar nan, ka turo manyanka. Ka kasa, ka bar min 'yata."

Mai Kaji ya koma ya duba garkensa. Waɗanda za su isa yanka a sati uku ɗari da ashirin ne. Ya zagaya wajen masu kiwo irin nasa guda biyu da ya sani, duk sun sayar. Ragowar nasa ƙanana ne, sai sun ƙara wata guda.

Manaja ne ya kawo mafita, kuma har ga Allah da alama taimako yake nufi. Ya jingina da kanta ya ce wa Auta, "Ki ce ya zo ya ɗauki tamanin a wajenmu. A sare ƙafafun duka ɗari biyun, wa zai bambance? Da an soya shi ke nan. Kowa haka yake yi."

Auta ta san ba daidai ba ne. Amma tsoron rasa shi ya fi ƙarfinta, ta ɗauki waya.

"Makiyayina, sau ɗaya tak. Tamanin daga wajen Manaja, a cire ƙafafun duka. Ba wanda zai sani. Ka yi don ni, daga nan ba zan sake roƙonka ba."

Sai bayan la'asar amsar ta zo.

"Mai Sikelina, babu abin da nake so a duniya kamar ke. Amma mutanen nan za su biya ninki ne don sun yarda da maganata. In na fara aurenmu da wannan, duk ranar da na ce miki wallahi, ke kin san nawa wallahina yake. Ki yi haƙuri, ba zan iya ba."

Ta karanta sau uku, ranta ya ɓaci. Ta rubuta masa, "To ka auri kajin," ta kashe wayar. Shi kuma da ya ji cewa shawarar daga bakin Manaja ta fito, sai ya ɗauka zuciyarta ta fara karkata can. Kwana tara ba wanda ya nemi wani, kowa yana ramewa a gefensa yana cewa lafiyarsa ƙalau.

A rana ta goma Baba ya aike ta babbar gonar ta duba kayan Litinin, don direbansu ba shi da lafiya. Ba ta taɓa wuce ofis ba, amma ran nan ta ce a nuna mata ciki. Manaja ya buɗe mata ƙofar wani dogon ɗaki yana alfahari, ya ce kaji dubu ashirin ne a ciki, kuma sati shida kawai suke yi su isa yanka.

Warin ne ya fara sa ta hawaye. Farare ne birjik, babu wurin sa ƙafa, fitilu a kunne da rana tsaka. Kusa da takalminta wata kaza ta yunƙura za ta je wajen ruwa, taku biyu ƙafafun suka ƙi ɗaukarta, ta kife a kan ƙirjinta tana haki. Ruwan bai fi tsawon hannu ba daga inda take. Auta ta durƙusa ta ɗauke ta ta kai ta, sannan ta juya ƙafar. Ga tabon nan, baƙi ƙirin.

"Kada ki damu," in ji Manaja, "wannan jibi za ta tafi."

Ta yi masa godiya. A mota ta kunna waya.

"Makiyayina, na gani da idona. Ka yafe min. Ka kawo ɗari da ashirin ɗinka da ƙafafunsu, ina nan a bayan kanta, kuma ba inda zan je."

Ranar oda ya iso da sassafe da kuloli a bayan motar haya. Bai jira an ƙirga ba.

"Baba, ɗari da ashirin ne. Ban cika ba."

Fuskar Baba ta haɗe. "Ka san sharaɗinmu."

"Na sani."

Baba ya juya ya buɗe firizarsa, inda kajin Litinin ke jere, ya jawo babbar wuƙa. Ba sai an faɗa ba, shi zai sare ƙafafun ɗari da ashirin ɗin, ya cika tamanin ɗin da kansa ya fita kunyar otal. Nan Auta ta fito daga bayan kanta.

"Baba, ka gafarce ni, ina da magana. Wannan dabarar ni na fara kai masa ita. Na roƙe shi ya yi don ni, ya ƙi, alhali ya san zai rasa ni. Mutumin da ya ƙi yi wa baƙin da bai sani ba ƙarya a kan kaza, ni ban ga ranar da zai yi min ba. Ba zan yi aure ba da izininka ba. Amma ko shekara nawa ne zan jira, shi nake so."

Baba ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ajiye wuƙar, ya buɗe kula ta farko, ya ɗaga kaza ya juya ƙafarta. Ya ɗaga ta biyu. Bai tsaya ba sai da ya bi ɗari da ashirin ɗin kaf, su kuma suna tsaye kamar masu jiran sakamakon asibiti.

Ya ɗauki waya ya kira otal ya gaya musu abin da ke akwai. Mai sayen ya yi faɗa son ransa, ya karɓi ɗari da ashirin ɗin, ya ce sauran odarsu ta shekara za su kai wani wuri. Baba ya ji zafin wannan sosai, sati biyu ba ya amsa gaisuwar kowa da kyau.

A sati na uku ya kira Mai Kaji. "Har yanzu ina kan bakana, talaka ba zai iya sayen kazarka ba. Amma zai iya sayen cinya ɗaya, ko fukafukai, ko wuya da ƙafafu. Na ware maka layi ɗaya a firiza, ni zan riƙa yankawa gunduwa-gunduwa. Ba zan daina sayar da waɗancan ba, kada ka sa rai."

"Na gode, Baba."

"Ka turo manyanka kafin in canja ra'ayi."

An sa rana wata biyu, lokacin ƙananan kajin sun riga sun isa. Ango da amarya suka kafe cewa naman gonarsu kaɗai za a ci, don haka kowane baƙo yanka ɗaya ya samu. Gwaggon Auta ta ce a rayuwarta ba ta taɓa ganin bikin 'yar mahauci da nama ɗaya a faranti ba, abin kunya ne. An dai gan ta daga baya tana tauna ƙashin har ya zama gari, tana tambaya ko akwai saura a kicin.

Bayan an ɗaura aure Baba ya riƙo hannun Auta ya kai ta gaban mijinta. Ya dubi takalmin angon, sabo fil, amma gefensa da ƙasa, don ko ran nan sai da ya biya ya ba kaji ruwa.

"Shekara talatin ina sayar da kaji ba ƙafafu don kada mai saye ya gani," in ji Baba. "Wannan yaron ya bar komai nasa a fili, ya ce in duba. Na duba, ban ga tabo ba. Ga 'yata nan, ka riƙe ta da hannun da na gani."

Auta ta fashe da kuka, Mai Kaji ma bai tsira ba. Mama ta ɗaga hannu, jama'a suka ɗaga. Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya sa albarka a kaɗan ɗinsu ya ishe su, Ya ba su zuri'a masu tausayi. Aka shafa da amin.